Na fara hawa injin tafiya, gwiwa na ciwo, jiri na ɗibata: ina kuskuren yake?

"Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne mai ritaya, shekarata 61, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Ina da hawan jini da ciwon suga, likita ya ce in riƙa motsa jiki. Ɗana da ke aiki a Kano ya sayo mini injin tafiyar nan na gwanjo, wanda ake hawa bel yana juyawa. Mako biyu ke nan ina hawa bayan sallar asuba. Ina sa shi a lamba 5, in riƙe ƙarfen gam, in yi ta yi har sai gumi ya jiƙa ni. To yanzu gwiwata da ƙwaurina sun fara ciwo, in na sauko kuma sai jiri ya ɗebe ni. Ran nan an ɗauke wuta ina kai, saura ƙiris in kifa. Maiɗakina ma tana so ta fara, jikoki kuwa sun mai da shi abin wasa. Ni da na yi shekaru ina zuwa makaranta da gona a ƙasa, me nake yi ba daidai ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baba, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa wannan yaro albarka. Ni ma'aikacin fisiyo ne, a sashen da ake koya wa masu shanyewar ɓarin jiki da masu ciwon gaɓoɓi tafiya, don haka tsayuwa a gefen irin wannan inji yayin da wani ke kansa aikina ne na yau da kullum. Abin da kake tambaya shi ne, yaya mutumin da ƙafarsa ta saba da hanya tun ƙuruciya zai hau injin da tafiya ce kawai aikinsa, ya sauko da ciwon gwiwa da jiri? Amsar tana cikin abin da ka faɗa da bakinka.

A hanyar gona kai ne mai iko da saurinka. In ka shiga yashi ka sassauta, in ka gamu da wani ku tsaya ku gaisa, in numfashi ya yi sama ƙafa ta rage da kanta ba tare da ka yi shawara da ita ba. A kan inji wannan ikon ya koma hannun bel. Bel bai san ka gaji ba, bai san suganka ya sauka ba, saurin da aka danna masa shi zai riƙe har a kashe shi. Yawancin kurakuran sababbin hawa daga nan suke tasowa: mutum ya zaɓi lamba, sannan ya tilasta wa jikinsa bin ta, alhali jikin ne ya kamata ya zaɓi lambar.

Kuma ba injin rainawa ba ne. A asibiti da irinsa ake gwada ƙarfin zuciya. Tsarin da aka fi bi wani likitan zuciya ɗan Amurka, Robert Bruce, ya fito da shi a 1963: ana farawa da saurin kilomita 2.7 kacal a awa, gaban injin a ɗage, ana ƙarawa duk bayan minti 3, ga wayoyi manne a ƙirjin mutum, ga ma'aikaci tsaye yana kallon bugun zuciyarsa. Abin da likita ke sa wa ido haka, bai dace mai hawan jini da suga ya hau shi da ka ba.

Lambar nan 5 da riƙon ƙarfe

Kafin ka sake hawa, a duba fuskar injin kusa da lambar sauri. In an rubuta km/h, 5 tana nufin kilomita 5 a awa, tafiyar lafiyayyen mutum mai ɗan hanzari. In kuwa mph aka rubuta, da mil yake lissafi, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne, ke nan 5 ɗinka kilomita 8 ce a awa. Wannan ya wuce tafiya, sassarfa ce. Injinan gwanjo da suka fito daga Amurka da mil suke aiki, kuma wutarsu 110 zuwa 120 ce, ba irin tamu ta 220 zuwa 240 ba. Saboda haka in ka ga an haɗa wa naka ƙaramar taransifoma mai rage wuta, akwai alamar ɗan Amurka ne. Na sha ganin wanda ya saba da lamba 5 a wani inji ya zo ya danna 5 a wani, bel ya kusa fizgar ƙafarsa.

Riƙon da kake yi gam shi ya fi sa ni zargin saurin ya fi ƙarfinka. Mutum ba ya damƙar ƙarfe haka sai yana jin bel zai tafi da shi. Illar riƙon tana da yawa. Hannu ya daina lilo, kafaɗa ta ɗage, wasu su duƙa gaba, wasu su jingina baya suna rataye da hannuwa, ƙafa tana faɗawa a inda bai kamata ba. Nauyin da ƙafa za ta ɗauka hannu ya raba shi, aikin da zuciya za ta yi ya ragu, ga shi kuma matse abu da ƙarfi na tsawon lokaci yana ɗaga awon jini a daidai lokacin, abin da kai musamman ba ka buƙata. Ka rage sauri har sai ka iya sakin hannu kana tafiya cikin natsuwa. Wannan ita ce lambarka, ko da 2 ce ko 3. Ba kowa nake hana riƙo ba: tsoho tukuf, da wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki, da mai rangaji a tafiya, ina sa su ɗora yatsu a ƙarfen gefe. Ɗorawa ce, ba damƙa ba.

Ciwon ƙwauri da gwiwa galibi abu biyu ke kawo shi ga sabon hawa: yin da yawa da wuri, da kuma miƙa ƙafa can gaba don a cim ma bel. In diddige ya sauka nesa da jiki, gwiwa a miƙe, duk taku birki ne, kuma ƙwauri da gwiwa ke shan dukan. Ka gajarta taku, ƙafa ta sauka kusan ƙarƙashin ƙugu. Ka tsaya tsakiyar bel, kada ka manne da gaban injin. Idonka ya kalli gaba, ba yatsun ƙafa ba, ba kuma waya ba. In aka yi sallama daga bayanka kada ka waiga, domin in kai ya juya ƙafa tana bin sa, nan take mutum ya taka gefen bel. Ka tsayar da injin sannan ka amsa.

Sai takalmi. Ba ka faɗi abin da kake sawa ba, amma na san da yawa da silifas suke hawa, wasu ma ba takalmi tunda a ɗaka ne. Bel yana ɗumi kuma yana gurza. Mai ciwon suga wanda jijiyoyin ƙafarsa suka fara sanyi zai iya yin bororo bai ji ba, gyambon mai suga kuwa ka san ba ya warkewa da daɗi. Ka sa kambas mai laushin ƙasa wanda bai matse yatsu ba, da safa mai tsabta, kuma duk ran da ka sauko ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. In ido bai kai ba, Hajiya ta duba maka.

Yanzu dai ka huta kwana uku ko huɗu. Tsamin nama da ke zuwa washegari ya baje bayan kwana biyu ba abin damuwa ba ne. Ciwon da ke cikin gaɓa, mai kumburi, ko mai sa ɗingishi, ko wanda ke ƙaruwa kana tafiya, shi ne ba a tafiya a kansa. In gwiwar ta lafa ka dawo da minti 10 zuwa 15, injin a shimfiɗe ba tudu, ka riƙa ƙara minti biyu ko uku duk mako. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici. Minti 30 sau biyar a mako ya cika 150. Can za mu, amma ba a makon farko ba, kuma ba laifi a raba shi, 15 da safe 15 da yamma. Ka fara ƙara lokaci, sannan sauri, tudu ya zo daga ƙarshe.

Jirin nan

Wannan ya fi gwiwar damuna, don haka zan ɗan zauna a kansa. Yana da hanyoyi fiye da ɗaya, kuma a wurinka suna iya haɗuwa.

Kana tafiya, jijiyoyin jini na ƙafa a buɗe suke, naman sha-raɓa yana matsawa yana saki yana tura jini sama zuwa zuciya. Da ka danna jan maɓalli ka tsaya cak, naman ya daina turawa, jijiyoyin kuwa ba su riga sun tsuke ba. Jini ya taru a ƙafa, wanda ke isa kai ya ragu, sai jiri. Mai shan maganin hawan jini ya fi kowa gamuwa da wannan, tunda magani irin amlodipine aikinsa ke nan buɗe jijiyoyi. Gyaransa mai sauƙi ne: kada ka tsaya lokaci ɗaya. Minti 5 na ƙarshe ka riƙa rage lamba kaɗan-kaɗan har tafiyar ta zama ta marmari, bel ya tsaya, ka ɗan jira kana riƙe da ƙarfe, sannan ka sauko ka zauna. Farawa ma haka take. Ka tsaya a kan dandamalin gefe, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ka kunna a mafi ƙanƙantar lamba, ka hau, ka yi minti 5 a hankali jiki ya ɗau ɗumi. Gaɓar da ta kwana, ga sanyin asuba, ba a fara ta da sauri.

Hanya ta biyu suga ce. Ka ce bayan asuba kake hawa, ina jin ba ka karya ba. Naman da ke aiki yana zuƙar suga daga jini, wannan ne ma amfanin da ake nema. Amma in kana allurar insulin, ko kana shan glibenclamide ko danginsa, suga yana iya faɗuwa ƙasa da kima. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake yin haka ba. Alamun su ne rawar hannu, gumi mai sanyi, yunwa farat ɗaya, bugun ƙirji, gani dishi-dishi. Matsalar ita ce kana cikin gumin tafiya ba lallai ka bambance ba. In kana da na'urar gwajin suga a gida, ka gwada kafin ka hau da kuma lokacin da jirin ya zo, kwana biyu ko uku za su nuna mana gaskiya. In ya gaza 100 kafin hawa, wato 5.6 a na'urar da ke ɗayan lissafin, ka ci wani abu tukuna. In ya gaza 70, wato 3.9, babu hawa, ka sha ruwan sukari ko ka ci dabino biyu zuwa uku, ka sake gwadawa bayan minti 15. Ni abin da nake ba masu suga shawara shi ne su mai da tafiyar bayan karin kumallo da kamar awa ɗaya, lokacin da sugan ke hawa, su kuma ajiye dabino inda hannu zai kai. Da azumi, sai bayan buɗa-baki abinci ya ɗan faɗa. A ɗaya gefen kuma, in suga ya haura 250 jikinka ba daɗi, ranar ba ta motsa jiki ba ce, ta ganin likita ce.

Akwai wani jiri marar haɗari, wanda mutum ke ji kamar ƙasa na tafiya da shi in ya sauko. Ƙafa ta yi ta tafiya ido yana ganin ɗaki a tsaye, sai ƙwaƙwalwa ta ɗan rikice. Wannan ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, kuma yana raguwa da sabo.

Awon jini kuma ka riƙa yi kafin hawa, ko a gida ko a kemis. A wurin aikina wanda awonsa ya kai 180/110 yana zaune ba na bari ya hau. Tafiya a kai a kai takan rage lambar farko ta awon jini da kamar 5 zuwa 8 ga mai hawan jini, abin alheri ne, amma ba ta maye gurbin magani. Kada ka ajiye ƙwaya don ka samu inji.

Wani abu kuma, Baba, ina roƙonka ka riƙe shi ka kuma gaya wa mutanen gida. Nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon da ke sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, numfashin da ya ƙi dawowa bayan ka tsaya, ko ganin duhu kamar za ka suma: ka tsaya nan take a kai ka asibiti. Mai ciwon suga na shekaru zuciyarsa tana iya shiga matsala ba tare da ciwon ƙirji sosai ba, sai dai kasala da haki da ba a saba ba. Saboda wannan ba na son kana hawa babu kowa a gida.

Gumi ba shi ne ma'auni ba

Cewa sai gumi ya jiƙa mutum sannan ya yi aiki, kuskure ne da ya yaɗu ƙwarai. Gumi hanyar huce jiki ce, ruwa ne da gishiri, ba kitse ba. Na ga masu sa rigar sanyi, har da masu naɗa leda a ciki don tumbi ya narke. Nauyin da ya tafi ta haka yana dawowa da an sha ruwa, abin da ya rage shi ne wahalar da aka ba zuciya da ƙoda. A kan hanya iska tana busar da gumi, a ɗaka babu wannan. Ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Jigawa ke haura digiri 40, kana iya jiƙewa sharkaf ba ka yi aikin kirki ba. A buɗe taga, a kunna fanka in da hali, ka sha ruwa kafin ka hau, gora kuma tana kusa.

Ma'aunin da nake koya wa mutane ba ya buƙatar na'ura. In kana iya magana jimla-jimla amma ba za ka iya jan karatu da ƙira'a ba, kana daidai. In kalma biyu sai ka ja numfashi, ka wuce gona da iri, ka rage. Mai son lissafi ya cire shekarunsa daga 220. Naka 159 ke nan, matsakaicin aiki kuma kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na wannan, wato bugu 80 zuwa 111 a minti. Kintace ne kawai, kuma in kana shan atenolol ko propranolol lissafin bai shafe ka ba, domin suna danne bugun zuciya. Lambar kalori, wato ma'aunin kuzarin da jiki ya ƙone, da injin ke nunawa ma kada ta ruɗe ka, takan yi ƙari, musamman ga mai riƙe ƙarfe. Mutum mai kilo 70 da ya yi rabin awa yana tafiyar kilomita 5 a awa bai ƙone kalori 150 ba, kwalbar lemon roba ɗaya kuwa ta kai 200.

Wuta, Hajiya da jikoki

In an ɗauke wuta bel yana tsayawa cikin ɗan lokaci, jiki kuwa yana ci gaba. Da saurin tafiya mutum zai iya kama ƙarfe ya tsaya, da saurin sassarfa sai ƙirji ya daki gaban injin. Wannan ma wani dalili ne na rage lamba. In ta tafi ka kashe daga soket, domin dawowarta da ƙarfi ita ke ƙona allon injin, a sa masa sitabilaiza kuma. Na'urar da ke juya bel a waɗannan injinan galibi ƙarfin doki 2 zuwa 3 ce, doki ɗaya kuma kusan wat 750, saboda haka ƙaramin janaretan cajin waya da fanka ba zai ja shi ba, sai dai bel ya riƙa fizga. Mai wayarin ya karanta takardar da ke manne a jikin injin kafin a jona shi da janareta ko sola. Janareta kuma waje, nesa da tagar ɗakin, don hayaƙinsa yana kisa, balle ga mai jan numfashi da ƙarfi.

Akwai wata igiya mai ɗan matsi a baki ɗaya, ɗaya bakin kuma maganaɗisu ne da ke manne a fuskar injin. Mutane suna naɗe ta a ƙarfe su manta da ita. Ka maƙala ta a rigarka duk hawa. In ka zame baya za ta fizge, bel ya tsaya. Bayan injin kuma a bar fili kamar mita biyu. Kada a kara shi da bango ko gado, domin wanda ya faɗi tsakanin bango da bel mai juyawa gurzar fatarsa zai yi ta yi.

Hajiya ta fara, ina ƙarfafa mata gwiwa, amma ba da zani ba, ba da dogon hijabi ko jallabiya mai jan ƙasa ba. Kowa a ƙauye ya san abin da bel ɗin injin niƙa ke yi wa gefen mayafi, to bayan wannan injin ma haka yake kamawa ya ja ƙarƙashi. Tunda cikin gida ne, ta sa wando da riga wadda ba ta wuce gwiwa ba, ta ɗaure ɗankwali. Ta nemi tata lambar, kada ta gaji taka. In tana da nata ciwon, a auna ta tukuna. A duba kuma iyakar nauyin da aka rubuta a jikin injin.

Maganar jikoki ba ta wasa ba ce. A watan Mayun 2021 kamfanin Peloton a Amurka ya janye injinansa samfurin Tread+ kusan 125,000 daga hannun jama'a, bayan wani yaro ya rasu an kuma samu rahoton haɗurra fiye da 70, da yawansu yara ne da bel ya ja ƙarƙashi. Raunin da aka fi gani shi ne yaro ya sa hannu a bayan bel ana tafiya, fatar yatsu ta saɓule, wani sai an yi masa dashen fata. Mai hawa ba ya ganin bayansa. Kana kai, a rufe ƙofa ko wani babba ya riƙe su. In ka gama ka zare maganaɗisun nan ka ɓoye shi, injin ba ya tashi babu shi, ka cire filogi.

Shi kansa injin ƙura ce abokiyar gabarsa, balle da hunturu. A rufe shi da zani in ba a amfani, a share ƙarƙashi, a riƙa sa wa cikin bel man silikon da aka yi dominsa. Baƙin mai da man gyaɗa suna lalata shi. Bel da ya bushe ko ya saki yakan yi ɗan tsaiko in an taka, wannan kaɗai ya isa ya kayar da dattijo.

Ranar da babu wuta kada ka ce motsa jiki ya faɗi. Tafiya mai hanzari a bayan gari da sanyin safiya aiki ɗaya take yi wa zuciya da suga, ƙasa mai laushi ma ta fi wa gwiwa daɗi. Injin ya fi amfani da damina, da ranakun ƙura, da kuma ga Hajiya in fita ba ta yi mata sauƙi. Ka haɗa da ƙarfafa cinya sau biyu a mako: ka tashi daga kujera ka zauna a hankali sau 10 ba tare da dafa komai ba, ka huta, ka maimaita. Cinya mai ƙarfi ita ke ɗauke wa gwiwa nauyi.

Duk abin da na faɗa daga wasiƙarka na ɗauko shi, gwiwa kuwa sai an taɓa ta an lanƙwasa ake yanke mata hukunci, magani ma mai rubuta shi ne ke da ikon gyara shi. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta rana, da minti, da lambar sauri, da awon jini da suga kafin hawa da bayan sauka. Ka tafi da shi asibiti tare da kwalayen magungunanka, ka gaya wa likita maganar jirin a fili, ka tambaye shi ko akwai buƙatar gwajin zuciya kafin ka ƙara sauri. In gwiwar ta kumbura ko ta wuce mako biyu ba ta lafa ba, ka nemi a tura ka sashen fisiyo. In babban asibitin da ke kusa da ku babu, akwai a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, ɗanka zai iya karɓar maka kati kafin ka shigo.